Karatun Jami'a Ta Cikin Waya: Ribarsa Da Faɗuwarsa

 Maganar da za a duba yau ita ce wannan yayi na karatun jami'a ta cikin wayar hannu da kwamfuta, watau abin da a ke kira karatu ta intanet. Malami yana Abuja ko Ikko, ɗalibi kuwa yana zaune a rumfarsa a Kantin Kwari, ko cikin ɗakin uwarsa a Funtuwa, ana ta karatu shekara da shekaru, alhali ba su taɓa haɗa ido ba. Maganar ta shiga zauruka da rumfuna, har ta raba kan iyaye. Wani ya ce rahama ce ta iske talaka har gida. Wani ya ce wasan yara ne, takardar da aka samu ta haka ba ta kai kuɗin tawadarta ba. To, ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya yabon haja, ba ya kushe ta, sai ya kwance ɗauri ya duba ciki. Haka ya kamata a yi wa wannan al'amari.

Da farko ya kamata a san cewa karatu daga nesa ya daɗe a duniya, kayan aikinsa ne kawai suka sauya. Malaman hadisi sun ƙidaya hanyoyi takwas na ɗaukar ilimi, kamar yadda Ibnus Salah ya jera su. Mafi ɗaukakarsu ita ce almajiri ya ji daga bakin malami, sa'an nan ya karanta malami na saurare. A cikin takwas ɗin nan akwai mukataba, watau malami ya rubuto wa almajirinsa wasiƙa daga wani gari, kuma jama'ar malamai sun karɓe ta. A can ƙarshe aka ajiye wijada, watau mutum ya tsinci rubutu ya karanta ba tare da mai rubutun ya ba shi ba. Ashe ke nan magabata ba su hana karatun nesa ba, amma sun ba kowace hanya matsayinta, ba su daidaita wasiƙa da zama gaban malami ba. A ƙasar Hausa ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a shekarar 1864, ta kan koyar da jajojinta, ta ɗora musu malfa, su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka waɗanda aure da raino suka hana su zuwa gare ta. Wannan shi ne tsarin 'Yan Taru, kuma karatun nesa ne sosai, sai dai mutum mai rai ne ke ɗauke da shi daga gida zuwa gida.

Ta wajen boko kuwa, Jami'ar Landan ta buɗe wa mutanen nesa ƙofar jarrabawarta tun shekarar 1858. A zamanin Turawa, akawu da malaman makaranta da yawa a ƙasar nan sun yi karatu ta gidan waya, ana aiko musu da darasi daga Ingila, su amsa su mayar, su jira makonni kafin gyara ya dawo. A shekarar 1969 Ingila ta kafa jami'a ta musamman domin masu karatu daga gida, ta fara koyarwa a 1971 da taimakon rediyo da talabijin. A Kaduna an kafa cibiyar horad da malamai ta ƙasa a 1976, wadda ta horad da malaman firamare masu yawa ba tare da sun bar ajinsu ba. Sa'an nan gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida ta Nijeriya a 1983, soja suka dakatad da ita a 1984, ta kwanta har zamanin Cif Obasanjo, aka tashe ta a 2002. Yau babban ofishinta yana Jabi a Abuja, tana da cibiyoyi fiye da ɗari a faɗin ƙasa.

Abin da ya tura maganar cikin kowane gida shi ne annobar korona. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a cikin watan nan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai Disamba, wata tara ke nan. A 2022 aka sake wani yajin, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. A lokacin korona jami'o'in kuɗi da dama sun mayad da karatunsu cikin waya suka ci gaba, 'ya'yan talakawa da ke jami'o'in gwamnati kuwa suna zaune gida suna ƙirga watanni. Tun daga nan iyaye suka fara tambaya, shin in karatu yana yiwuwa ta waya, mene ne amfanin kai yaro wani gari, a biya masa ɗaki da abinci da kuɗin mota?

Tambaya ce mai kan gado, kuma gaskiya ita ce ribar wannan karatu ba kaɗan ba ce. Kowace shekara yara kusan miliyan biyu ke zama jarrabawar shiga jami'a, guraben da ke akwai kuwa ba su isa ba, sai ka ga yaro mai hazaƙa ya yi shekara biyu ko uku yana maimaita jarrabawa, zuciyarsa na mutuwa a hankali. Karatu ta waya ba ya bukatar kujera ko gado, saboda haka yana iya ɗaukar waɗanda aka bari a bakin ƙofa. Ga kuma magidanci ɗan shekara arba'in wanda ke riƙe da rumfar ubansa da iyali, ba shi da halin ya kulle shago ya tafi Zariya shekara huɗu. Yanzu yana iya karanta lissafin kuɗi ko sha'anin kasuwanci bayan sallar isha'i, gari ya waye ya gwada abin da ya koya a littafin shagonsa. Cif Obasanjo kansa ya kammala digirin dakta a jami'ar nan a 2017, yana da shekara tamanin, ya nuna wa dattawa cewa gemu ba ya hana ilimi. Har fursunoni a gidajen yari irin su Kirikiri suna karatu a cikinta, waɗansu sun sami digiri suna tsare.

Babbar riba kuwa ta mata ce. Yarinya nawa ce ta gama sakandare da sakamako mai kyau, aka yi mata aure, karatu ya tsaya nan? Miji da yawa ba ƙin ilimi su ke ba, barin matarsu ta kwana wani gari ne ba su iya jurewa. Ga wannan mace, waya ta zama kamar jajin Nana Asma'u, ta shigo mata da darasi har tsakar gida, kuma uwa mai ilimi makaranta ce ga 'ya'yanta. A haɗa da halin da hanyoyi su ke ciki. An sace ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna a watan Maris na 2021, an kuma sace ɗalibai mata na jami'ar tarayya ta Gusau a watan Satumba na 2023. Uban da ya ji wannan ya ce 'yarsa ta yi karatu a gabansa, babu mai hankalin da zai ga laifinsa.

To, an ga riba, saura a duba shafin faɗuwa, gama littafin ciniki ba a karanta shi gefe guda.

Faɗuwa ta farko, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce rashin zama da malami. Kowane almajirin ilimi ya san labarin mahaifiyar Imamu Malik, wadda ta naɗa masa rawani ta aike shi wurin Rabi'a, ta umurce shi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Ya kuma san Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya. Shehu Usmanu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya ambaci malaman da ya ɗauki karatu wurinsu. Me ya sa suka sha wannan wahala, alhali littattafai na nan? Domin akwai abin da ke cikin malami wanda ba ya shiga takarda. Almajiri yana ganin yadda malami ke haƙuri da mai nauyin kai, da yadda ya ke cewa bai sani ba in an tambaye shi abin da bai sani ba, da yadda ya ke karɓar gyara daga na ƙasa da shi ba tare da fuskarsa ta sauya ba. Malami kuma yana duban idon almajiri ya gane ya fahimta ko kunya ce ta sa ya gyaɗa kai, ya gane ranar da ya zo da yunwa, da ranar da aka yi rasuwa a gidansu. Wannan duka haka ya ke a jami'ar boko. Likita da alƙali da injiniya suna koyon amanar aikinsu ne daga kallon manyansu. A cikin waya kuwa, ɗalibi yana iya rufe hotonsa ya kwanta barci, malami na ta magana da sunaye ɗari uku a jikin gilashi, bai san wa ke nan wa ya tafi ba. Wanda ya tashi a haka ya kan fito da karatu a ka, amma babu wanda ya taɓa tsawata masa, babu kuma malamin da zai ce wannan nawa ne, na san halinsa.

Faɗuwa ta biyu ta shafi ƙasa baki ɗaya. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da Tibi da Babarbare, kwano ɗaya, bokiti ɗaya. Yaron da aka raine shi da jin cewa mutanen wancan gefe kaza ne da kaza, sai ya kwanta zazzaɓi, ɗan wancan gefen ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Gani ya kori ji. Abotar da aka ƙulla a nan ita ce ta kan zama amanar ciniki tsakanin Kano da Anaca bayan shekara ashirin, ita ce kuma ta kan sa mutum ya riƙe bakinsa ranar da fitina ta tashi, domin ya tuna da abokinsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. In kowane ɗalibi ya yi digirinsa a ɗakin uwarsa, bai taɓa cin abinci da wanda ba yarensa ba, za a sami masu takarda da yawa waɗanda ba su san ƙasarsu ba sai ta bakin masu zagin juna a Facebook. Ƙasa irin Nijeriya ba ta da halin yin wannan hasara. Shi kansa ɗalibin, kaɗaici yana cinsa. Wanda ke aji in ya karaya abokai su kan ja shi, amma mai karatu shi kaɗai in ya ajiye, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, shi ya sa masu yankewa a tsakiya su kan yi yawa a karatun nesa.

Faɗuwa ta uku ita ce, abin da aka ce ya zo domin talaka, sau da yawa mai hali ne ke cin moriyarsa. Karatu ta intanet yana son waya mai kyau, da wutar caji, da sabis, da kuɗin data kullum. Ɗan birni mai sola a rufin gidansu ya sami duka huɗu. Ɗan ƙauye kuwa sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, sa'an nan ya hau tudu yana ɗaga hannu yana neman sabis, kafin ya samu an tashi daga darasi. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi hamsin cikin ɗari. A watan Satumba na 2021 kuma an yanke sabis ɗungum a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, aka bi da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Duk ɗalibin waya da ke wuraren nan, an kulle masa makaranta ke nan ba tare da ya yi laifin kome ba. Ko a cikin gida ma akwai rashin adalci. Matar da ke karatu a ɗakinta ba a ɗauke mata girki da raino ba, yaron da ke karatu a rumfa kuwa, da mai saye ya tsaya sai uba ya ce ajiye wayar nan ka auna masa yadi. Wanda ya tafi makaranta an san ɗalibi ne, wanda ke gida kuwa kowa na ganin zaune ya ke.

Faɗuwa ta huɗu ita ce amana. In malami bai san fuskar ɗalibi ba, ta yaya zai san wanda ya rubuta aikin da aka aiko masa? Akwai masu sana'ar yi wa ɗalibai aikin gida a biya su. Tun ƙarshen 2022 kuma aka sami na'urorin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda ke tsara amsa shafi biyar kafin shayi ya huce. Kada a ce magudi a waya ya fara, domin a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har gwamnati ta dakatad da tantance takardun ƙasashen Binin da Togo a watan Janairu na 2024. Amma inda babu ido, ƙofar ha'inci ta fi faɗi. Fatake sun san abin da jabun kuɗi ke yi wa kasuwa, in ya yawaita har mai kuɗin gaske sai an juya nasa an duba. Haka mai takardar gaskiya zai sha tuhuma saboda masu takardar ƙarya. 

Akwai kuma wata faɗuwa da 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa. Jami'a kasuwa ce ga garin da ta sauka. Mai abinci, da mai wanki, da mai hayar ɗaki, da mai keken haya, da mai buga takardu, duk daga aljihun ɗalibai su ke ci. Mutanen Samaru da na unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Bayero sun ɗanɗana wannan a 2020 da 2022, lokacin da rumfuna suka yi tsit. In karatu ya koma waya, kuɗin da ke zagawa a hannun waɗannan bayin Allah zai koma asusun kamfanonin sadarwa.

To, ina mafita? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma babu mai iya mayad da wannan abu inda ya fito. Abin da ya dace shi ne a ba shi matsayin da magabata suka ba mukataba, a karɓe shi, a kuma ɗaure shi da sharuɗɗa.

Na farko, a duba shekarun ɗalibi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, wanda halinsa bai gama nuna ba, in da hali da aminci, a kai shi cikin mutane ya zauna gaban malamai. Karatun waya ya fi dacewa da wanda ya riga ya san duniya, magidanci da matar aure da ma'aikaci. Na biyu, a duba irin karatun. Tarihi da lissafin kuɗi suna shiga waya, amma aikin likita da unguwarzoma da injiniya sai da hannu. Kada uba ya fake da waya ya hana 'yarsa karatun jinya, sa'an nan gobe ya yi kukan babu likita mace da za ta duba iyalinsa.

Na uku, hukumomin jami'o'i su wajabta haɗuwa ido da ido ko da sau biyu ne a kowane zango, kuma kafin a ba mutum digiri a zaunad da shi gaban malamai a yi masa tambayoyi da baki, kamar yadda mahaddaci ke biya wa malaminsa hadda kafin a ce ya sauke. Wanda wani ya rubuta masa aiki ba ya wuce tambaya uku.

Na huɗu, kuma wannan kira ne ga attajirai da shugabannin kasuwa. Waɗanda Allah ya hore musu sun saba gina masallaci da haƙa rijiya. To, ɗaki guda a gefen kasuwa ko a bakin masallacin unguwa, mai sola da intanet da tebura, da lokacin maza daban da na mata daban, shi ma sadaka ce mai gudana. A nan ɗaliban waya na unguwa za su riƙa haɗuwa mako mako, mai sani ya ja marar sani, wanda ya ɓace a je gida a tambayi lafiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malaman zaure kuma kada su ƙyamaci waɗannan ɗalibai, su jawo su jiki, gama ladabin da waya ba ta koya musu ba, a zaure za su same shi. Iyaye da mazaje su ma su yanke wa mai karatu sa'o'insa, a cikinsu ba aike, ba tsaron rumfa, kamar dai yana cikin aji.

Gwamnati kuwa, nauyinta yana nan bai sauka ba. Kada ta ga an sami hanya mai araha ta bar azuzuwa suna rushewa, malamai suna yaji, ta ce wa talaka ga waya nan. In aka wayi gari ɗan mai kuɗi ne kaɗai ke zama gaban malami, ɗan talaka kuwa sai gilashi, to an raba ilimi gida biyu, kuma wannan rabo zai bi 'ya'ya da jikoki.

Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci, ya saka wa malamai da alheri, ya sa wa 'yan kasuwa albarka a cinikinsu, ya ba ɗalibai na nesa da na kusa ilimi mai amfani. Amin. Wassalamu.